Jules Verne, Marubucin Da Ya Ratsa Saman Damagaram Yana Zaune Bakin Teburinsa

A ƙarshen watan Janairu na shekara ta 1863 wani littafi ya fito a birnin Pari, mai ba da labarin waɗansu Turawan Ingila uku da suka ƙetare Afirka ta sama, tun daga tsibirin Zanzibar har kogin Sanagal. A cikin labarin sun bi ta kan tafkin Cadi, sun hangi birnin Damagaram, sun ratsa Damargu, sun kwana kusa da Agadas, sa'an nan iska ta kai su Gawo da Tumbutu. Mutumin da ya rubuta littafin bai taɓa taka ƙasarmu ba, bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba, kuma a lokacin ko sau ɗaya bai taɓa tashi sama ba. Duk abin da ya sani game da waɗannan wurare daga littattafai ya samo shi.

Sunan mutumin Jules Verne, Faransawa kuwa suna faɗinsa kamar Jul Bern. Yana cikin waɗanda suka share hanyar wani irin rubutu da ake kira ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da marubuci ya ƙaga da kansa, amma ya gina shi bisa abin da masana suka gano game da ƙasa da teku da taurari da injuna. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A wurin Verne abin juyawa ya yi, ilimi ne ya zama mabuɗin tafiya. Ga tarihinsa, tare da littattafan da suka rene shi.

Ƙuruciya a bakin kogi

An haifi Jules Verne ran 8 ga watan Fabrairu na 1828 a birnin Nant, yammacin ƙasar Faransa, cikin wani gida da ke bisa tsibiri a tsakiyar kogin Luwar. Ubansa, Pierre Verne, lauya ne, mutum mai tsari da riƙon addini. Uwarsa, Sophie, ta fito daga zuriyar masu jiragen ruwa. Jules shi ne ɗan fari cikin ƴaƴa biyar, kuma ƙanensa Paul, wanda daga baya ya shiga aikin jirgin ruwa, shi ne babban amininsa.

A wancan zamani Nant babbar tashar jiragen ruwa ce. Wani kaso na arzikinta daga cinikin bayi ya samo asali, domin a ƙarni na 18 babu wata tashar Faransa da ta kai ta aika jirage zuwa gaɓar Afirka don ɗaukar mutane. Yaro Jules ya tashi yana kallon jirage masu tafiya da ƙarfin iska suna sauke kaya daga ƙasashe masu nisa, yana jin hirar matuƙa. Yana da shekara shida aka sa shi lakwal wurin wata malama da ake kira Madam Sambin, wadda mijinta, shugaban wani jirgi, ya tafi teku shekaru da yawa bai komo ba. Takan gaya wa yara cewa yana can bisa wani tsibiri, wata rana zai dawo. Wannan labari bai bar zuciyar Verne ba, domin bayan shekara hamsin da ƴan kai ya rubuta littafi a kan matar da ta fita neman mijinta da ya ɓace a teku.

Littafin da ya fara kama shi shi ne Robinson Crusoe, wanda Daniel Defoe, mutumin Ingila, ya buga cikin 1719. Labari ne na wani da jirginsu ya nutse, ya tsira shi kaɗai bisa tsibiri, ya gina bukka, ya yi noma, ya yi kiwo da ƙarfin hannunsa da dabararsa. Amma wanda ya fi so shi ne Robinson na Suwis, na Johann Wyss, wanda ya fito cikin 1812, domin a nan iyali ne gaba ɗaya, uba da uwa da ƴaƴa, suka faɗa cikin wahalar, kowa ya kawo abin da ya iya. Ya karanta Fenimore Cooper na Amurka, mai labaran teku da dazuzzuka, kuma tun yana yaro ya san kalmomin matuƙa har yana bin duk wani motsin jirgi da aka kwatanta a ciki. Ya kuma karanta Walter Scott, mai labaran tarihin ƙasar Sikotilan.

Karatun bai tsaya cikin takarda ba. Shi da Paul sukan yi hayar kwalekwale su shiga kogi. Verne ya ba da labari cikin tsufansa cewa wata rana yana shi kaɗai kwalekwalen ya ɓule ya nutse, ya tsira bisa wani ɗan tsibiri, har ya fara tunanin yadda zai gina bukka kamar Robinson. Sai yunwa ta kama shi, ruwa kuma ya janye, ya taka da ƙafa ya koma gida ya ci abinci. Akwai wani labari da ya bazu, wai yana da shekara goma sha ɗaya ya gudu ya shiga jirgin da zai tafi Indiya, ubansa ya kamo shi. Masu bincike sun nuna cewa wata ƴar danginsu ce ta ƙawata wannan cikin tarihinsa da ta buga a 1928. Gaskiyar ita ce, teku kanta bai gan ta ba sai da ya kai shekara goma sha biyu.

Tsakanin ofishin uba da alƙalami

Bayan ya sami bakaloreya cikin 1846, uban ya ƙudura ɗansa na fari ya gaje shi. Aka tura shi Pari karatun shari'a, ya zauna can sosai daga ƙarshen 1848, shekarar da mutanen birnin suka tumɓuke sarki Louis-Philippe suka kafa jamhuriya. Verne ya yi karatun, ya kuma ci jarrabawa, amma hankalinsa yana wani wuri. A lokacin Victor Hugo ne gwaninsa, yana karanta shi yana maimaitawa, yana rubuta waƙoƙi da wasannin kwaikwayo. Ya sami shiga wurin shahararren marubucin nan Alexandre Dumas da ɗansa, kuma ran 12 ga watan Yuni na 1850 aka nuna wani gajeren wasansa na ban dariya a gidan wasan Dumas.

A farkon 1852 uban ya miƙa masa ofishinsa na Nant tare da dukan masu kawo masa aiki. Verne ya ƙi karɓa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ya bar abinci tabbatacce da mutunci a garinsu, ya zaɓi ɗakin haya a Pari da aikin magatakarda a wani gidan wasa mai suna Théâtre Lyrique, aikin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ya sha fama da ciwon ciki, kuma sau da dama gefen fuskarsa yakan shanye. Ya rubuta wasanni masu yawa, kaɗan aka nuna, babu wanda ya fitar da sunansa. Shekara goma ya yi cikin wannan hali.

Amma cikin waɗannan shekaru ne ya kama wata al'ada wadda ta zama tushen dukan aikinsa. Yakan tafi babban gidan littattafai na ƙasa ya wuni yana karanta labaran matafiya, da ilimin ƙasa, da na taurari, da sababbin abubuwan da masana suka gano. Duk abin da ya ga zai yi amfani sai ya rubuta shi bisa ƴar takarda, ya ajiye ta tare da ƴan uwanta masu magana iri ɗaya. Bai daina wannan ba har tsufa. Cikin 1894 wata mujallar Amurka ta buga hirar da aka yi da shi, inda ya bayyana cewa yana da irin waɗannan ƴan takardu akalla 20,000 waɗanda bai riga ya yi aiki da su ba.

Cikin 1851 wata mujallar iyali mai suna Musée des familles, wadda ke son labarai masu ƙaruwa, ta buga masa gajerun labarai biyu. Na farko labarin jiragen ruwa ne a ƙasar Meziko, bisa salon Cooper. Na biyu labarin wani matuƙin balan-balan ne da mahaukaci ya faɗo masa cikin kwando. Wajen wannan lokaci kuma ya saba da wani dattijo makaho, Jacques Arago, wanda ya kewaya duniya cikin jirgin ruwa tsakanin 1817 da 1820, ya makance daga baya, amma bai bar tafiya da rubutu ba. A wurinsa Verne ya ga cewa labarin tafiya, in an iya ba da shi, yakan riƙe mai sauraro kamar tatsuniya.

Malamai biyu na abin al'ajabi

Waɗansu marubuta biyu suka buɗe masa wata ƙofa dabam. Na farko Hoffmann ne, Bajamushe, mai labaran da ke haɗa mutane da abubuwan ban tsoro, inda ƴar tsana takan yi motsi kamar mai rai. Ana ganin sawunsa cikin labarin da Verne ya buga a 1854, Maître Zacharius, labarin wani maƙerin agogo na birnin Janeba wanda girman kai ya sa ya ɗauka ya gano asirin rai, har ransa ya ɗaure da agogunansa, suna tsayawa yana ƙarewa.

Na biyu, wanda ya fi tasiri a kansa, shi ne Edgar Poe, mutumin Amurka. Verne bai iya Ingilishi sosai ba, amma cikin 1856 mawaƙin nan Baudelaire ya fitar da fassarar labaran Poe da Faransanci. A ciki Verne ya tarar da wata dabara: a ɗauki abin da ba ya yiwuwa, a ba da labarinsa da sanyin murya, da lissafi da awo da kwanan wata, har mai karatu ya gaskata. Poe ya taɓa buga labari a wata jaridar Niyok cikin 1844 cewa waɗansu sun ƙetare tekun Atalantika cikin balan-balan a kwana uku, mutane kuwa suka ɗauka gaskiya ne. Ya kuma rubuta labarin wani da ya tafi wata, da labarin dukiyar da aka gano ta hanyar warware rubutun asiri.

Cikin 1864 Verne ya buga dogon sharhi a kan Poe. Ya yabe shi ƙwarai, amma ya kama shi da laifi guda, wato cikin labarin tafiya wata ya yi sakaci da ƙa'idodin kimiyya, alhali da ya kiyaye su da labarin ya fi shiga hankali. A nan hanyar Verne ta fito fili. Zai riƙe abin al'ajabi irin na Poe, amma zai sa lissafin ya zama na gaske gwargwadon ilimin zamaninsa. Bashin Poe bai manta da shi ba, domin cikin 1897, yana tsoho, ya rubuta littafi guda don ya ƙarasa wani labarin teku da Poe ya bari a buɗe.

Ran 10 ga watan Janairu na 1857 ya auri Honorine, wata bazawara mai ƴaƴa mata biyu, ƴar birnin Amiyen. Tun kafin auren, domin ya iya riƙe iyali, ya roƙi ubansa jari, ya shiga dillanci a kasuwar hannun jari ta Pari. Yakan tashi tun da asuba ya yi rubutu, in rana ta ɗaga ya tafi kasuwa. Cikin 1861 aka haifa musu ɗa, Michel, wanda shi kaɗai suka samu tare.

Mako biyar cikin balan-balan

A waɗannan shekaru babu abin da ke jan hankalin masu karatu a Turai kamar labarin tsakiyar Afirka. Ta gabas, Burton da Speke sun kai tafkin Tanganyika cikin 1858, Speke kuma ya ga tafkin Biktoriya, ana ta gardama a kan mafarin kogin Nilu. Ta wajenmu kuwa akwai Heinrich Barth, Bajamushe, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da sunan Abdul Karim. Ya taso daga Tarabulus cikin 1850 tare da Richardson da Overweg, ya shiga Agadas a watan Oktoba na wannan shekara, ya bi ta Damargu da Tasawa ya tafi Katsina da Kano da Kukawa. A ƙarshen 1852 ya sauka Damagaram, cikin 1853 ya ƙetare kogin Isa a Sayi ya kai Tumbutu. Ya ji Hausa, ya koma Turai cikin 1855, ya buga labarin tafiyarsa juzu'i biyar. Abokan tafiyarsa biyu a ƙasar Barno suka rasu.

Verne ya shimfiɗa taswira, ya ga inda sawun Barth ya tsaya da inda na Burton da Speke ya tsaya, ya ga farin fili tsakaninsu. Sai ya ƙaga wani masani, Dakta Fergusson, wanda zai haɗa sawun biyu ta sama, tare da abokinsa Kennedy maharbi da baransa Joe. Abin hawansu balan-balan ne, wato wata ƙatuwar jaka ta siliki da ake cikawa da iskar haidurojin, wadda ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, a rataya kwando a ƙarƙashinta mutane su zauna. Matsalar wannan abin hawa a lokacin ita ce, in ana son hawa sai a zubar da yashin da aka ɗauko, in ana son sauka sai a saki iskar, ba a jimawa duka biyu su ƙare. Verne ya ƙaga wa Fergusson na'urar da ke ɗumama iskar cikin jaka: in ta yi zafi ta kumbura su hau, in ta huce su sauko, ba tare da asarar kome ba. Ya bayyana nauyin kowane kaya da yawan ruwan da za su ɗauka, har mai karatu ya ji kamar rahoton gaskiya yake karantawa.

Cikin 1862 ya kai rubutun wurin Pierre-Jules Hetzel, mai buga littattafai, wanda ya buga wa manya irin su Balzac da Hugo da George Sand. Hetzel yana shirin kafa mujallar da za ta koyar da yara da iyayensu cikin nishaɗi, sai ga mutumin da yake nema. Ya sa shi ya yi gyara, littafin ya fito da sunan Cinq semaines en ballon, wato mako biyar cikin balan-balan. Ya karɓu nan da nan. Verne yana gab da cika shekara talatin da biyar. Shi kansa bai hau balan-balan ba sai cikin 1873, a Amiyen, kuma minti ashirin da huɗu kawai ya yi a sama.

Ya kamata mu dubi abin da littafin ya faɗa game da ƙasarmu, domin a nan ake ganin ƙarfin hanyar Verne da kuma rauninta. Da matafiyan suka iso Damargu, ya kwatanta bukkoki da gonaki, da rumbunan hatsi da aka ɗora bisa itatuwa don gudun ɓera da gara. Duk manomi ya san haka abin yake. Ya ambaci Agadas a matsayin tsohuwar cibiyar ciniki. Amma da suka zo Damagaram, abin da ya nuna kawai shi ne filin da ake kashe masu laifi da wani itace na mutuwa a tsakiyarsa, abin da ya tsinta cikin rubutun matafiya. Labarin kuwa an sa shi cikin 1862, zamanin Sarki Tanimun, lokacin da Damagaram ke da ƙarfi, ayarin raƙuma suna shiga suna fita tsakaninta da Kano da Tarabulus. Malamai da fatake da marina da maƙera duk ba su fito cikin littafin ba. A wurare da yawa ya nuna baƙar fata a matsayin mutanen daji marasa hankali, da kalmomin raini irin na Turawan zamaninsa. Akwai inda Fergusson ya yi hasashen cewa wata rana Afirka za ta ciyar da duniya in ƙasar Turai ta gaji, amma ko a nan ƙasar yake yabo, ba mutanenta ba. Dubban yaran Faransa da wannan hoto suka girma, kuma shekara talatin da shida bayan fitar littafin, cikin 1899, sojan Faransa suka shiga Damagaram. Gani ya kori ji, Verne kuwa ji kawai ya yi, daga bakin ɓangare guda.

Tafiye-tafiye na ban mamaki

Hetzel ya ɗaure shi da yarjejeniya ta shekaru masu yawa, da farko juzu'i uku kowace shekara, daga baya biyu. Aka raɗa wa jerin littattafan suna Voyages extraordinaires, wato tafiye-tafiye na ban mamaki. Hetzel ba mai bugawa kawai ba ne, yakan karanta kowane shafi, ya soke, ya ba da shawara. Akwai littafin da Verne ya rubuta a kan birnin Pari na ƙarni na 20, inda kuɗi da injuna suka danne adabi. Hetzel ya ƙi shi, rubutun ya kwanta cikin akwatin ƙarfe har wani tattaɓa-kunnen Verne ya gano shi cikin 1989, aka buga shi a 1994.

Kowane littafi da ya biyo baya yana da karatun da ya haife shi. Tafiya zuwa tsakiyar ƙasa, na 1864, ya fara ne da rubutun asiri irin na Poe, ya ci gaba da ilimin duwatsu da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da. Daga ƙasa zuwa wata, na 1865, labarin mutum uku ne da aka harba cikin harsashi daga wata ƙatuwar igwa, kuma wani ɗan uwansa malamin lissafi, Henri Garcet, ya taimaka masa da ƙididdiga. Labarin Kyaftin Nemo da jirginsa na ƙarƙashin teku, Nautilus, ya fito tsakanin 1869 da 1870. Sunan jirgin na wani ne da Robert Fulton ya gwada a Faransa cikin 1800, kuma sojan ruwan Faransa sun riga sun gina nasu mai suna Plongeur cikin 1863. Kewaya duniya cikin kwana tamanin, wanda jaridar Le Temps ta riƙa bugawa kashi-kashi cikin 1872, ya samu ne domin an buɗe mashigin Suwez an kuma haɗa hanyar jirgin ƙasa daga gabashin Amurka zuwa yammacinta cikin 1869. Tsibirin asiri, na 1874 zuwa 1875, komawa ce ga Robinson na ƙuruciyarsa, sai dai a nan injiniya ne ke jagora, yana yin wuta da tubali da ƙarfe daga abin da tsibirin ya ba su. Cikin 1900 ma ya rubuta ci gaban Robinson na Suwis.

Mutane sukan kira shi mai duba, shi kuwa bai yarda da wannan suna ba, yakan nuna cewa abin da masana suka fara ne yake ja gaba kaɗan. Cikin watan Disamba na 1968 kumbon Apollo 8 ya tashi daga jihar Fulorida ɗauke da mutum uku, ya kewaya wata, ya faɗo cikin tekun Pasifik, kamar yadda ya faru ga mutanen Verne shekara ɗari kafin nan. Ba sihiri ba ne: ya zaɓi kudancin Amurka ne domin lissafi ya nuna masa cewa daga can wata yakan zo daidai bisa kai. Ya kuma yi kuskure, domin ƙarfin tashin harsashi daga igwa zai murƙushe duk wanda ke ciki, shi ya sa da roka aka tafi.

Ƙarshen rayuwa

Bayan yaƙin Faransa da Jamus na 1870 Verne ya koma Amiyen, garin matarsa, ya zauna har mutuwa. Da kuɗin littattafai ya sayi jiragen ruwa uku bi da bi, kowanne da sunan Saint-Michel, ya je Ingila da Purtugal da Italiya, ya taɓa gaɓar Aljeriya da Tunisiya, amma bai taɓa ƙetare Sahara ba. Tsarin yininsa bai sauya ba: rubutu daga ƙarfe biyar na asuba zuwa sha ɗaya, bayan abinci kuma karatun jaridu da mujallun masana, alƙalami a hannu.

Shekara ta 1886 ta zo masa da nauyi. Ran 9 ga watan Maris ɗan ƙanensa, Gaston, wanda hankalinsa ya taɓu, ya harbe shi a ƙafa, ya bar shi da ɗingishi har ƙarshen ransa. Bayan kwana takwas Hetzel ya rasu, shekara mai zuwa kuma uwarsa ta bi. Cikin 1888 aka zaɓe shi cikin majalisar birnin Amiyen, ya yi mata aiki shekaru goma sha biyar da ɗoriya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne babbar majalisar marubuta ta Faransa, Académie française, ba ta taɓa zaɓensa ba, domin manyan adabi sun ɗauke shi mai rubuta wa yara. Ya rasu ran 24 ga watan Maris na 1905, da ciwon sukari, yana da shekara 77. Littattafai 54 na jerin tafiye-tafiyen suka fito yana da rai, waɗansu takwas suka biyo baya, waɗanda ɗansa Michel ya sa wa hannu ya sauya. Ƙididdigar fassara ta hukumar UNESCO ta sa shi na biyu cikin marubutan da aka fi juya littattafansu zuwa waɗansu harsuna, bayan Agatha Christie.

Kayan aikin Jules Verne ba su wuce littafi da ƴar takarda da alƙalami da haƙuri ba. Inda waɗanda ya karanta suka auna abu da kyau, ya hango abin da zai zo bayan shekara ɗari. Inda suka duba da ido ɗaya, shi ma bai ga mutanen da ke ƙarƙashin kwandonsa ba. Labarin waɗanda ke tsaye bakin rumbunan Damargu suna ɗaga kai suna kallon abin da ke wucewa a sama ba ya cikin littafinsa. Mai rubuta wannan sai wanda ya san sunan rijiya da sunan wanda ya gina ta.